Tururi, Karin Guga da Sahun Juma'a a Haɗejiya

Daga yammacin Alhamis masu wanki da guga a Haɗejiya ba su da lokacin hira. Manyan riguna sun taru, gawayi na ci a cikin dutsen guga, yara na sintirin karɓar kayan iyayensu. Sai ga 'yan kasuwa a Facebook suna tallar na'urar tururi, wadda ake rataye riga a feshe ta da hucin ruwan zafi har yamutsin ya sake. Wai zamanin guga ya wuce.

Bai wuce ba, kuma dalilin yana cikin zaren kansa. Zafi da danshi ne ke sassauta zaren auduga, nauyin dutse kuma shi ke danne shi ya bushe a miƙe. Tururi yana da na farko, ba shi da na biyu. Shi ya sa yake dacewa da mayafi da leshi da abaya, waɗanda dutse kan ƙona. Amma shadda mai sitati, musamman gezna da ake sakawa a Ostiriya, kari take so da sheƙi, tururi kuwa laushi yake sa mata. Tun kafin Henry Seely ya yi rajistar dutsen guga na lantarki a Amurka a 1882, masu bugu a Kano da Kura sun san cewa ƙyallin tufa daga dannawa yake fitowa, suna dukan ta da gudumar itace a kan gungume. Ga kuma maganar wuta. A watan Oktoba na 2024, da manyan layukan lantarki suka lalace, yawancin Arewa ta yi kwanaki cikin duhu, mai dutsen gawayi bai fasa aiki ba.

To amma wannan duk zancen sana'a ne. Tambayar da ta fi nauyi ita ce: me addini yake nema daga rigar mai salla?

Abu na farko tsarki ne. Duk wanda ya zauna gaban malam a zaure ya karanta Ahalari ko Risala ya san cewa a mazhabar Malikiyya ruwa mai tsarki mai tsarkakewa ne ke gusar da hukuncin najasa. Masu tallar tururi suna cewa yana kashe ƙwayoyin cuta yana kawar da wari, kuma da gaskiyarsu. Sai dai hakan ba wanki ba ne. Zanen da fitsarin jariri ya taɓa, ko an yi masa tururi har ya yi sumul, sai an wanke wurin. Idan kuma shakka ake ko najasar ta taɓa tufar, malaman Malikiyya sun ce a yayyafa ruwa. Nan ne ake jin tsoron na'urar, domin tana iya sa riga ta yi kama da wankakkiya alhali ba ta ga ruwa ba.

Abu na biyu ado ne. A Suratul A'araf Allah ya umarci 'yan Adam su yi ado idan za su masallaci. Imam Muslim kuma ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) ko son kyakkyawar tufa da takalmi girman kai ne, aka amsa masa cewa Allah yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Saboda haka dattijon da ya kashe kuɗi don rigarsa ta yi kari ranar idi bai yi laifi ba, ya ma kyauta.

Laifin yana farawa ne daga kallon da ake yi wa na kusa a sahu. Haɗejiya garin fadama ne. Wanda ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ɗan kasuwa mai gezna zai iya zama masunci daga Kirikasamma, ko manomin shinkafa daga Auyo wanda ya yini yana fama da kachala a magudanar ruwa. Rigarsa wankakkiya ce, ta bushe a kan igiya, ba ta taɓa ganin dutse ba. Babu littafin fiƙihu da ya sa guga cikin sharuɗɗan salla. Gumi ba najasa ba ne, taɓon damina da ke fallatsa a hanya ma an yi rangwame a kansa. A ambaliyar 2022, mutanen ƙauyukan da ruwa ya ci sun sami mafaka a makarantu, suka yi sallolinsu da tufafin da suka tsira da su, sallarsu kuma ta inganta.

Akwai wani haƙƙi da ke ɓoye cikin karin rigar, wanda ba a cika ambatonsa ba. Masu guga da yawa suna kukan cewa ana karɓar kaya da alkawarin "sai na dawo daga masallaci", a shafe makonni ba a biya ba, alhali su da kuɗinsu suka sayi gawayi da sitati. Ibn Majah ya ruwaito umarnin a biya ma'aikaci ladansa tun guminsa bai bushe ba, mai guga kuwa a gaban garwashi yake tsayuwa tun safe, har cikin zafin bazarar watan Afrilu.