Idan Nas Ta Zama Mai Bincike

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta kashe fiye da mutane 11,000 a Nijeriya. A cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, wajen rabinsu aka ba su Trovan, sauran wani magani dabam; 11 suka rasu. Daga baya iyaye suka ce ba a gaya masu gwaji ake yi ba. Kamfanin kuwa ya ce nas-nas na nan gida sun yi masu bayani da Hausa, sun kuma amince da baki. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Mu ɗauka an yi bayanin. Uwar da ɗanta ke kwance wuya a sanƙare, in mai farin kaya ta tambaye ta, mene ne za ta ce in ba "to" ba?

Wannan tambaya ta shafi 'ya'yanmu da ke aikin jinya a Bichi ko Dambatta, waɗanda neman ƙarin ilimi kan sa su yi bincike a ɗakin da suke aiki. Binciken kansa abu ne mai kyau, da shi ake samun magani. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Matar ƙauye da ta bar gona ta zo awo ta san nas ɗin nan. Watakila ita ta karɓi haihuwarta bara. Kunya da kara ba za su bar ta ta ƙi ba, ga kuma tsoron kada gobe a yi mata kallon banza. Nas ta amsa wa, ba binciken ba.

Katekism na Ikilisiyar Katolika, na 1992, ya koyar cewa gwaji a kan mutum ba tare da yardarsa bisa sani ba ya saɓa wa darajarsa. A ganinmu, yardar da kunya ta tilasta ba ta cika ba, ko da an dangwala yatsa a takarda.

Saboda haka, wata dabam wadda ba ta jinyar matar ita ya kamata ta nemi izinin, bayan an gama ba da magani. A kuma faɗa mata a fili cewa in ta ƙi, gadonta da allurarta suna nan yadda suke.