Ɗanyen Kati a Kasuwar Gwanjo

A shekarar 1991 wani ɗan kasuwa a Amurka ya biya dala 50,000 ya sayi ɗan guntun kwali mai hoton Mickey Mantle, gwarzon wasan besbol, wasan nan na Amurkawa da ake dukan ƙwallo da sanda. Kamfanin Topps ne ya buga katin a 1952, irin wanda yara ke samu cikin ƙunshin cingam. Mutumin ya adana shi shekara 31 ba tare da ya kai an tantance ba. A 2022 ya miƙa shi ga kamfanin SGC, suka duba, suka ba shi maki 9.5 cikin 10, suka rufe shi a gidan roba. A watan Agustan shekarar aka yi gwanjonsa a Heritage Auctions kan dala miliyan 12.6.

Masu wannan harka suna kiran katin da ba a tantance ba "ɗanye". Wanda aka tantance kuwa an duba kusurwoyinsa, da gefensa, da fuskarsa, da yadda hoton ya zauna a tsakiya, sannan an liƙa masa lamba. Kati iri ɗaya, shekara ɗaya, tazarar maki guda kan iya ninka farashinsa. Shi kwalin bai canza ba tsakanin ranar da yake ɗanye da ranar da ya shiga roba. Abin da ya ƙaru shi ne baƙon da bai taɓa riƙe shi ba, bai kuma san mai shi ba, zai iya tura miliyoyi hankalinsa kwance. Ashe wani kaso na kuɗin ba na kwali ba ne, kuɗin yarda ne.

Da sauƙi mu ce ai shi ke nan, lamba ita ce gaskiya, ɗanyen kati kuma caca. Labarin katin Honus Wagner bai bar mu mu tsaya nan ba.

Wagner ɗan wasan Pittsburgh Pirates ne. Tsakanin 1909 da 1911 kamfanin American Tobacco yana cusa katunan 'yan wasa cikin kwalin sigari, amma aka dakatar da buga nasa da wuri. Wasu sun ce bai so yara su sayi taba saboda hotonsa ba, wasu sun ce rigimar kuɗi ce. Waɗanda suka rage a duniya ba su kai ɗari ba. A 1991 Wayne Gretzky da abokinsa Bruce McNall suka sayi mafi kyawunsu kan dala 451,000, kuma shi ne kati na farko da kamfanin PSA ya tantance, ya ba shi maki 8. A 2007 ya kai dala miliyan 2.8. Sai a 2013 dillali Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa shi ya aske gefen katin tun can baya domin ya fito tsaf. A ƙa'idar kamfanin, katin da aka yanke bai cancanci maki ba sam. Mastro ya kuma amsa cewa a gwanjonsa ana sa 'yan tayin ƙarya don farashi ya hau, abin da littattafan fiƙihu suka daɗe da sani da sunan najashi.

To idan kati mafi shahara a duniya ya ratsa hannun masu tantancewa da aibinsa, me lambar ke nufi? Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, haka ne. Sai dai mai ba da makin shi ma ido ne, na ɗan Adam. Robar ba ta kawar da buƙatar amana ba, ta ɗauke ta ne daga kan mai sayarwa ta ɗora kan kamfani.

A nan ne muke ganin ɗanyen kati yana da wata gaskiya tasa. Bai yi wa kowa alƙawari ba. Mutum ya buɗe akwatin kakansa ya tarar da katunan da shi bai san kansu ba, ya kai gwanjo yadda suke, masu taye su ɗauki gilashin ƙara girma su duba, kowa ya yi lissafinsa. Wani zai ci riba, wani zai faɗi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba mu ga laifi a wannan ciniki ba, domin duhun da ake ciki na kowa ne.

Matsalar tana farawa ne lokacin da duhun ya zama na mutum ɗaya. Sanannen abu ne a kasuwar cewa wasu kan kai kati a tantance, ya dawo da ƙaramin maki ko da hukuncin cewa an taɓa shi, sai su fasa robar su fito da shi, su sake tallarsa a matsayin ɗanye. Idan ka tambaye su za su ce ba su yi ƙarya ba: ga hoto, ga kati, duba da idonka. Kalma ɗaya ta ƙarya ba ta fita daga bakinsu ba kuwa. Amma abin da mai taye ke biya a ɗanyen kati shi ne damar cewa wataƙila ya samu 9, su kuma sun riga sun san wannan damar ta mutu. Sun sayar masa da fatan da suka san babu. Mu dai ba mu samu wani suna da za mu kira wannan ba in ban da zamba. Illarsa kuma ba ta tsaya kan mai saye ɗaya ba: saboda irinsu ne ake yi wa duk wani ɗanyen kati mai tsada kallon zargi, har magajin da bai san hawa ba bai san sauka ba ya karɓi farashi ƙasa da haƙƙinsa.

Ɓangaren mai saye ya fi wuya, kuma nan ne za mu iya saɓawa da juna. Gwanin da ya shekara 30 yana duba kwali ya hango abin da sauran ba su gani ba, ya saya da araha a gwanjon da kowa ke da damar taye. Muna ganin ribarsa halas ce, ladan idonsa ne. Amma a ce wannan gwanin ne ya shiga gidan matar da mijinta ya rasu, ta ajiye akwati a gabansa ta ce ya faɗa mata nawa za su yi. Ba abokiyar tayensa ba ce, shawara ta nema. Idan ya ce dala 200 alhali ya san 200,000 ne, ilimin da ya ba shi haƙƙi a ɗakin gwanjo shi ne ya zama abin da ya yanke ta da shi.

Akwai kuma abin da ya rage mana da kunya, mu masu kallo. Raɗe-raɗin cewa an yanke katin Wagner ya daɗe yana yawo kafin 2007, bai kuma hana a biya miliyan 2.8 ba. An yanke wa Mastro ɗaurin wata 20 a 2015. Katin kuwa har gobe shi ake fara ambata idan aka zo zancen katunan besbol.