Ɗana, in jiki ya yi nauyi, ka zauna

Ɗana, kai da kake kwana jan taru a tafkin Kainji, ko kake wuni kana ban ruwan albasa a bakin kogi a Shanga, akwai safiyar da za ka tashi ka ji jiki ya yi nauyi, kafaɗa ta ƙi ɗaga filafili, zuciya ma ba ta son magana. Abin da yake damuna shi ne yadda samarinmu ke yi wa wannan safiyar. Sai yaro ya leƙa wurin mai shayi, ya haɗiye tiramol, ya ce shi ba rago ba ne. Ƙwayar nan ba ta ƙara maka ƙarfi ko kaɗan. Toshe maka kunne take yi, don kada ka ji abin da jikinka ke faɗa.

Kogin kansa yana da darasi a kan wannan. Tambayi dattawan Gungawa da Sarkawa, su da suka ga kogin nan tun kafin a kammala madatsar Kainji a 1968, za su gaya maka cikar ruwa biyu ce a shekara. Farin ruwa na damina ne, yana zuwa da gaggawa da laka, daga ruwan saman da ya sauka kusa da mu. Baƙin ruwa kuwa daga tsaunukan Gini yake tasowa. In ya shigo ƙasar Mali sai ya bazu a faɗamun da ke wajen Mopti, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, lakarsa ta kwanta. Sai hunturu ya kama, wajen Disamba, ya iso Yauri garau, ya riƙe tafkin lokacin da babu ko ɗigo daga sama. Hankalin mutum ma sai ya samu inda ya kwanta kafin ya washe.

Don haka in nauyin ya zo, ka karɓe shi. Ja kwalekwalen ka ɗaure. Cire takalmi, shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ka bar bayanka ya taɓa ƙasa sosai, ka kife wayar nan. Barcin ƙailula sunna ce, kuma Manzon Allah (SAW) ya ja hankalin Abdullahi ɗan Amru, da ya matsa wa kansa da azumi da tsayuwar dare, cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. In ibada ba ta halatta maka zaluntar jiki ba, kasuwar Warra ce za ta halatta?

Na san akwai bakin da ke jiranka a gida, ban raina wannan ba. Amma mai gyangyaɗi a tsakiyar tafki, ga iska ga kututturan da ruwa ya rufe, iyalinsa yake jefawa cikin haɗari.

In kuma ka huta kwana biyu nauyin bai sake ka ba, ko akwai zazzaɓi, ko ka ga jini a fitsari, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe. Je asibiti a Yauri a auna ka, don zazzaɓin cizon sauro da tsargiya sun yi yawa a bakin ruwan nan.