Mai Ɗaki da Mai Kallo

Tambayar da nake so mu tattauna, 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ita ce: in mutum ya yi tafiya ya ga abu mai kyau a garin wasu, gini ne ko rini ko aikin fata, shin wannan kallo ya ɗora masa wani nauyi? Ko kuwa ido ba ya cin bashi, ya gani, ya yaba, ya wuce abinsa? Mun saba jin cewa tafiya mabuɗin ilmi ce, ban kuwa musa ba. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne halin wanda aka je aka kalla.

Bari mu fara daga gida. Baƙon da ya zo Kano ganin al'adu, Bature ne ko ɗalibi daga wata jami'a, hanyarsa sananniya ce. Za a kai shi Gidan Makama, a zaga da shi Kasuwar Kurmi, a tsaya da shi a marinar Ƙofar Mata, in yana da ƙarfin gwiwa ya hau Dala. Kafin ya isa ko ɗaya daga cikinsu kuwa, in daga filin jirgi ya taso, sai ya ratsa ta gefen Sabon Gari da Fagge, amma ba wanda zai ce da direba ya tsaya. An riga an gaya masa fasaha tana cikin ganuwa, abin da ke Waje kuwa kasuwa ce da hayaniya. Ni a ganina wannan rabo bai yi daidai ba, kuma daga nan matsalar mai kallo take somawa: tun bai bar gida ba ya yanke shawarar abin da zai kira kyakkyawa, watau tsohon abu.

Abin mamaki, Fagge ita ce unguwar matafiya tun asali. Nan ne zangon da ayarin Azbinawa ke sauke raƙumansu a bayan ganuwa, su kawo gishiri, su koma da hatsi da baƙaƙen tufafi. Waɗannan baƙi ba kallo ya kawo su ba. Buzun da ya zo neman rawani ɗan Kura ya san rini kamar yadda marini ya san shi, ya murza ƙyallen, ya ga yadda shuni ya kama, ya biya abin da ya dace, baɗi kuma ya dawo. Da Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da garin ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Ashe ke nan abin da ya rayar da karofi ba yabo ba ne, masu saye ne da suka san darajar abin da suke saye.

Sabon Gari kuwa jirgin ƙasa ya haife ta. Dogo ya iso Kano a 1911, wajen 1913 Turawan mulki suka yanka filaye don ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, da na Saliyo da ƙasar da ake kira Gana yanzu. Titunanta a miƙe suke kamar an ja da zare, sunayensu na garuruwan da mutane suka baro, irin su Abekuta da Inugu. Unguwannin nan biyu sun sha ɗaci a tsakaninsu, rikicin watan Mayu na 1953 a kan iyakarsu aka fi gwabza shi, amma kayan aiki ba su taɓa daina ƙetare titi ba.

To, mu koma kan ginin ƙasa, tun da shi ya fi ɗaukar hankalin baƙo. Wanda ya tsaya gaban tsohon soro ya ga zankwaye sun miƙe sama, ya shiga zaure ya ɗaga kai ya ga bakan gizo da ɗaurin guga, dole ya jinjina wa magini. Amma soron nan ba aikin magini kaɗai ba ne. Azara daga giginya take, wani ne ya sare ta ya faskara. Makubar da ake shafe bango daga ɓawon ɗorawa ake samunta. Laso kuwa, wanda ke hana rufi yoyo, haɗi ne na katsi, watau laka da ke kwanciya a gindin karofi, da gashin da majema suka kankare daga fata, da dafara. Mai karatu ya duba da kyau: abin da marini ya zubar da abin da majemi ya yar, su ne simintin magini. Ranar da karofi ya bushe, katsi ya yi wuya. Ranar da katsi ya yi wuya, rufin soro ya shiga uku. Saboda haka wanda ya ce a bar masa soro yadda yake, ba gini ɗaya yake roƙo ba, yana roƙon a dawo da rayuwar gari guda ce, da marinanta da majemanta da jakunan da ke ɗauko ƙasa daga kududdufi. Shi kuwa kwana uku zai yi ya tafi.

Na taɓa raka wani baƙo, malami ne daga wata jami'a, muka bi wani lungu a Fagge. Muka tarar da tsohon gida an sauke rufin azara ana ɗora kwano. Baƙon nan ya yi ta juyayi, har ya ce da mai gidan, wani dattijo, "Baba, ai wannan tarihi kuke rushewa." Dattijon bai yi fushi ba. Ya ce, "Malam, da rani ka zo. Ka dawo cikin Agusta ka kwana a nan, sai mu yi maganar tarihi." Bahaushe dai ya riga ya faɗa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowace shekara sai an yi yaɓe, an gyara indararo, an biya lebura, in kuwa aka yi sake katanga ta jiƙa, kan 'ya'yansa za ta faɗo, ba kan mai hoto ba.

Wannan ba a Kano kaɗai ake fama da shi ba. Garin Jenne na ƙasar Mali ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1988, saboda babban masallacinsa na ƙasa da gidajen da ke kewaye. Daraja ce, amma ta zo da sharaɗin kada a sauya fasalin gidajen, har mazauna suka riƙa kukan an hana su gyara muhallinsu yadda suke so. A nan ne tambayar ta yi tsanani. Da wane hakki wanda ke kwana a ɗakin siminti, da fanka bisa kansa, zai ce wani ya dawwama cikin wahala don idonsa ya sami abin sha'awa?

Kada dai a ɗauka na ba mai ɗaki gaskiya duka. Sabo yana makantar da ido. Mu da muke wuce ganuwa kullum mun ga yadda aka yi ta yanka ta ana gine-gine, ana ɗibar ƙasarta, ba mu ce uffan ba, sau da yawa sai baƙo ya yi magana sa'an nan kunya ta kama mu. Kuma ba kowane mai sauke azara ne yoyo ya dame shi ba. Wani gudun kada a ce masa matalauci ne kawai. Ga zafin ɗakin kwano a watan Afrilu, wanda soro bai san shi ba. Idon baƙo yana da amfani, ko ba komai yana tuna wa mutum cewa abin da ya raina wani ya ƙetare teku don ganinsa. Ginin ƙasa kuwa bai ƙare ba: magini Falke Barmu ya soma masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar a 1962, ya yi ta ƙara masa sabon fasali, har aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Sai dai a lura, mutanen garin ne suka so shi, suka kawo ƙasa da ruwa da ƙarfinsu. Ba wani ne ya zo daga nesa ya ce kada su taɓa ba.

Inda na tsaya ke nan: mai kallo yana da damar ya yaba, har ya ba da shawara, amma ba shi da damar ya tsayar da agogon wasu. Maginan da ma ba su tsayar da nasu ba. A gidajen Zariya da Kano na wajen 1950, masu zanen bango sun sa keke da mota kusa da dagi, don abin da mai gida ke alfahari da shi ke nan a lokacin. Da baƙon yau ya riske su suna yi, da ya ce sun ɓata al'ada. Yanzu kuwa hoton keken yake nema.

Shi ya sa nake cewa a tsaya a Waje. A bi layin teloli a Fagge a ga yadda ake fitar da aska takwas da keken ɗinki, a kan shaddar da aka yanko daga Kantin Kwari, wadda galibi daga Sin aka kawo ta. A shiga Sabon Gari a ga tsofaffin benaye masu baranda da adon siminti a kan tagogi, da hasumiyoyin coci, da masu rubuta allon kanti, da masu zanen zaki da dawisu a bayan manyan motoci. Ba mai kiran waɗannan mutane masu fasaha, ba a kai musu baƙi, kayansu ba ya shiga gidan tarihi. Amma su ne ke yin abin da marinan zamanin Barth suka yi, watau aiki don mai bukata, da kayan da zamani ya kawo.

Akwai kuma wurin da ake gane gaskiyar yabon mai kallo, shi ne wajen ciniki. Mu ɗalibai mun iya rubuta maƙala a kan hular ɗinkin hannu, mu kira ta gadon kakanni. Hular nan kuwa wata mata ce a cikin gida ta yi makonni tana tsaga ido a kanta da allura, dillali ya karɓa, ɗan kasuwa ya ɗora nasa. In muka je saye sai mu taya rabin kuɗi, a ce albarka, mu juya baya kamar za mu tafi, har sai an kira mu an sallama. Muna murna mun iya ciniki. Ragin nan da muka samu ba daga ribar mai rumfa yake fita ba, gangarawa yake har ya isa kan wadda ba ta wurin, ba mu kuma tambayi ko a wace unguwa take ba.