Dabara Ba Ta Faɗo Wa Malalaci

Ya ku masu neman halal da guminku, kanikawa da teloli, maƙera da magina, masu ƙosai da malaman aji, ku saurara. Kowannenku ya san wannan: a wuni ana fama da aiki ya ƙi ci, a tashi rai a ɓace, sai ga shi da asuba ana cikin alwala mafita ta faɗo a rai. Kanike ya ce, "Ai wayar nan ce ta ƙone!" Tela ya gane inda wuyan rigar ya karkace. Mukan ce sa'a ce. Gaskiya ne buɗi na Allah ne, amma Ya sanya wa kowane buɗi sababi, sababin wannan kuwa wahalar da ka sha jiya ce.

Tunanin ɗan Adam hawa biyu ne. Akwai na sarari, wanda kake sane da shi: awo, lissafi, gwaji, tambayar maigida. Akwai kuma na ɓoye, wanda ke ci gaba da aiki kana tafiya, kana hira, kana barci. Kamar ƙullin waina ne: da hannunka za ka jiƙa, ka niƙa, ka kwaɓa, amma tashinsa sai ka rufe ka bar shi ya kwana. Wanda bai kwaɓa komai ba, ko ya shekara yana jira, roba ce kawai zai tarar.

Masana sun daɗe da lura da haka. A 1908 Henri Poincaré, gwanin lissafi na Faransa, ya ba da labarin yadda ya yi makonni yana kokawa da wata matsala, sannan ya ajiye ta ya yi tafiya. A garin Coutances, yana ɗora ƙafa zai shiga karusar fasinja, amsar ta zo masa. Da ya koma gida ya zauna ya tantance, ya same ta daidai. Shi da kansa ya jaddada cewa irin wannan haske ba ya zuwa sai bayan kwanakin ƙoƙari. A 2004 kuma masu bincike a Jami'ar Lubek ta Jamus sun ba mutane aikin lissafi mai ɓoyayyar hanyar sauƙi. Cikin waɗanda suka yi barcin awa 8 bayan sun fara gwadawa, kusan 6 cikin 10 sun gano ta. Cikin waɗanda ba su runtsa ba, waɗanda suka gano ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Waɗanda kuwa suka yi barcin ba tare da sun taɓa aikin ba, barcin bai ƙara musu komai ba.

Kada wani ya ce wannan sai Turawa. Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya taso ne a gidan maginan tukwane. Tun yana yaro hannunsa ya san yumɓu, ya san randa na sanyaya ruwa. Da ya girma ya ga tumatir da yalo na ruɓewa a hannun manoma saboda rashin lantarki, sai sanin gida da ilimin makaranta suka haɗu a kansa: a saka ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan yana ƙafewa yana janye zafi. Yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27. A shekarar 2000 ya karɓi lambar yabo ta Rolex. Abin da ya koya a gidansu tun yana yaro bai tafi a banza ba.

To amma a kula, wannan tunani na ɓoye ba ya tace abin da aka zuba masa. Idan kullum kana cewa "mu ai haka muka gada" ko "ni wa, ɗan talaka?", zai ajiye, ya mayar maka da shi a matsayin gaskiya, har ka ga ƙofa a buɗe ka ɗauka bango ce. Yadda kake kallon duniya da matsayinka a cikinta, daga abin da kake ji kake kuma maimaitawa yake ginuwa. Don haka ka zaɓi majalisar da kake zama, ka zaɓi abin da kake kallo a waya kafin ka kwanta.

Saboda haka ku dage. Ku yi aiki da lura, ku tambayi na gaba da ku ba tare da jin kunya ba. In abu ya cije bayan kun yi iya yinku, ku ajiye ku huta, hutun nan ba lalaci ba ne. In dabara ta zo, ku rubuta ta ko ku zana ta nan take, sannan ku gwada, domin ba duk abin da ya faɗo a rai ne daidai ba. Ku kuma iyayen gida, ku bar yaran shago su yi barci, ku saurari shawararsu. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ku tashi ku nema, Allah Ya sa albarka a sana'arku.