Garin Neman Gira: Tunani a kan Gyaran da Ido Ba Ya Gani

Masu iya magana kan ce garin neman gira a rasa ido. Tarihin gyaran tsofaffin gine-ginen dutse ya sha gaskata wannan zance. A farkon ƙarni na 20, injiniya Nikolaos Balanos ya ɗaure duwatsun marmara na ginin Parthenon da ke ƙasar Girka da ƙarafa, bai kuwa lulluɓe su da dalma ba kamar yadda magina na dauri suka yi. Ƙarafan suka yi tsatsa, suka kumbura, suka tsattsage dutsen. Tun daga 1975 masana suka duƙufa wajen warware wannan ɓarna, suna zare ƙarafan suna maye gurbinsu da taitaniyam.

A yau fasahar nano ta zo da wani magani. Wajajen shekarar 2000, Piero Baglioni da abokan aikinsa a Jami'ar Filorens ta Italiya suka samar da ƙwayoyin farar ƙasa waɗanda ake auna girmansu da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Akan zuba su cikin ruwan alkohol a shafa wa dutsen da ya fara zagwanyewa. Ruwan ya bushe, ƙwayoyin su kwanta cikin ƙofofin dutsen, iska ta mayar da su irin sinadarin da ya haɗa dutsen tun asali. Ta haka dutse kan sake ƙarfi, ba tabo, ba alama.

To, a nan ne tambayar take. Yarjejeniyar Benis ta 1964 ta nemi duk abin da aka ƙara wa tsohon gini ya bambanta da na asali, don kada a yi wa tarihi ƙarya. Yaya ke nan za a yi da gyaran da ido ba ya iya gani? Ƙarfen Balanos ya yi ɓarna, amma ana ganinsa, ana zare shi. Ƙwayar da ta zama jikin dutse, wa zai zare ta in gobe ta nuna aibu?

A ganina, barin gini ya ruguje don tsoron kuskure shi ma cin amana ne. A yi gyaran, amma a gwada a ƙaramin wuri tukuna, kuma a rubuta abin da aka shafa, da wurin, da ranar, a adana. Balanos ma ya ɗauka ilimin zamaninsa ya isa. Masu zuwa bayanmu za su fi mu sani, haƙƙinsu ne kuwa mu bar musu bayanin inda hannunmu ya taɓa.