Shin Gurɓata Muhalli Zunubi Ne? Amsar Cocin Katolika

A shekarar 1967 wani masanin tarihi ɗan Amurka, Lynn White, ya wallafa maƙala a mujallar Science, ya ɗora wa Kiristancin ƙasashen Yamma alhakin lalacewar muhalli. Hujjarsa tana babin farko na Littafin Farawa na Baibul, inda aka ba ɗan Adam iko a kan kifaye da tsuntsaye da dabbobi. A ganinsa, Turawa sun mayar da wannan iko izinin sare daji da haƙe ƙasa yadda suka ga dama, ba su tsoron wata tuhuma. Maƙalar ta tayar da ƙura a tsakanin malaman coci. Sai dai White bai ce a yi watsi da addini ba. Cewa ya yi tunda cutar daga can ta taso, maganin ma daga can zai fito, ya kuma nuna Francis na Assisi, waliyyin Italiya na ƙarni na 13 da ya riƙa kiran rana da ruwa da tsuntsaye 'yan'uwansa, a matsayin abin koyi. A 1979 Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana wannan waliyyi a matsayin majiɓincin masu kare muhalli.

Cikakkiyar amsa ta jira har 2015.

A watan Janairun shekarar, Fafaroma Francis ya sauka a Tacloban ta ƙasar Filifin, garin da guguwar Haiyan ta ragargaza a Nuwamba 2013, guguwar da ta kashe mutum fiye da 6,000. Ya jagoranci addu'a sanye da rigar ruwa ta leda, ana tafka ruwa da iska, har sai da ya gajarta ziyarar saboda wata guguwar da ke tafe. A watan Yuni ya fitar da wasiƙarsa mai suna Laudato Si', wadda Kadinal Peter Turkson ɗan ƙasar Ghana ya taka rawa wajen shirya ta. Bai rubuta ta ga Katolika kaɗai ba, duk wanda ke raye a doron ƙasa ya nufa.

Wasiƙar ta koma Littafin Farawa ɗin nan, amma ta kafa hujja da babi na biyu, inda aka sa Adamu a gona don ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Ƙasa ta Allah ce, mutum mai riƙon amana ne, kuma mai riƙon amana ba ya cinye abin da aka ba shi ajiya. Musulmin da ya san matsayin ɗan Adam na halifa a bayan ƙasa ba zai ji wannan magana baƙuwa ba. Wata biyu bayan fitowar wasiƙar ma, malamai da masana Musulmi suka taru a Istanbul suka fitar da tasu sanarwar kan sauyin yanayi.

Inda wasiƙar ta fi ƙarfi shi ne inda ta ƙi raba kukan ƙasa da kukan talaka. Nahiyar Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma manomin da damina ta yi wa gardama da makiyayin da rijiyarsa ta ƙafe su ne ke fara biya. Saboda haka Francis ya ce ƙasashe masu arziki suna ɗauke da bashin muhalli na ƙasashen kudu. Bashi kuwa haƙƙi ne, kuma zancen haƙƙi zancen addini ne tun asali. Nan ne zunubin yake: cutar da wanda bai ji ba bai gani ba, har da jikokin da ba a haifa ba.

Ba kowa ya ji daɗi ba, har a cikin gida. Rick Santorum da Jeb Bush, 'yan siyasar Amurka kuma dukansu Katolika, sun nuna cewa Fafaroma ya shiga hurumin da ba nasa ba. Santorum ya ce a bar wa masana kimiyya aikinsu. Wannan suka ba ta da ƙarfi, domin masana kimiyyar sun riga sun yi magana, kuma abin da suka faɗa shi Fafaroma ya ɗauka. Ma'aunin zafi yana nuna yadda duniya ta ɗumama, amma ba ya faɗin wanda ya wajaba ya rage jin daɗinsa saboda maƙwabcinsa. Wata sukar ta fi cancantar a saurara: wasiƙar ta ƙi ɗora laifi a kan yawan haihuwa, ta ɗora shi kan almubazzarancin masu hali. Ta yi daidai a kan wanda ya cika sama da hayaƙi, amma a yankin da gonar gado ke ƙanƙancewa duk lokacin da aka raba ta, tambayar ba ta mutu ba.

Akwai waɗanda suka riƙe wannan aƙida tun kafin a rubuta ta, suka kuma biya da ransu. Sista Dorothy Stang, 'yar asalin Amurka, ta shafe shekaru tana tsaya wa ƙananan manoma a dajin Amazon na Birazil a gaban masu sare katako da manyan masu kiwon shanu. Ranar 12 ga Fabrairu 2005 'yan bindigar haya suka harbe ta a yankin Anapu, tana da shekara 73.

Yankin Sahel ma yana da nasa rabon. A 1980, a Wagadugu, John Paul na Biyu ya yi kira ga duniya kan fari da kwararowar hamada, kuma a 1984 aka kafa gidauniya da sunansa mai aiki a ƙasashe 9, har da Nijar da Chadi da Mali, tana tallafa wa ayyukan ruwa da noma ba tare da tambayar addinin mai amfana ba.

Shi kansa Francis bai gamsu da abin da ya biyo baya ba. An cimma yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi a Disamba 2015, amma a Oktoba 2023 ya sake fitar da takarda, Laudate Deum, da harshe mai zafi, yana cewa matakan da ake ɗauka sun yi kaɗan. Ya yi niyyar halartar taron yanayi na Dubai, rashin lafiya ya hana shi. Ya rasu ranar 21 ga Afrilu 2025. Magajinsa, Leo na 14, ya ci gaba da batun, har ya jagoranci addu'a ta musamman don kula da halitta a Castel Gandolfo a Yulin shekarar.

Katolika sun kai kusan biliyan 1.4, kuma mafi yawansu ba za su taɓa karanta wasiƙar ba, abin da limamin cocinsu ya faɗa ranar Lahadi shi za su ji. Don haka limaman Kaduna da Jos da Maraɗi su kai maganar kan mumbari, su ambaci saran itace don gawayi da ledar da ke toshe magudanan ruwa da sunansu, su kuma nemi limaman Juma'a na unguwanninsu a yi dashen bishiyar damina mai zuwa tare.